Akwatin katunan zane: yadda aikin tsarawa ke tafiya

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Aikin da na sa a gaba shi ne tattara salon ƙananan zane-zane da tsara su wuri guda, ta yadda wanda ya zauna bayan sallar isha'i yana son hutawa ba tare da ya taɓa waya ba zai buɗe akwati, ya zaro kati, ya soma jan layi nan take. Matsalar da ta haifar da aikin ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa gwadawa. Mutum yakan ajiye waya da niyyar zane, ya ɗauki biro, ya rasa ta inda zai fara, sai ya ce bari ya leƙa intanet ya samo misali ɗaya tak, daga nan kuwa sai dai ya ga dare ya raba. Saboda haka abin da ake buƙata ba ƙarin misalai ba ne, domin suna nan jibge, abin da ake buƙata shi ne a yanke shawarar abin da za a zana tun da rana, a ajiye ta a takarda, kada dare ya zo da sauran tunani.

Kayan aikin ba su da yawa: farin kwali mai ɗan kauri irin wanda ake sayarwa a shagon kayan makaranta, baƙin biro, fensir, almakashi, da tsohon gwangwanin biskit. Girman katin na aro shi daga tsarin da ake kira Zentangle, wanda Rick Roberts da Maria Thomas suka fito da shi a Amurka a farkon shekarun 2000. Su suna zane a kan 'yar takarda mai kusurwa huɗu, inci uku da rabi kowane gefe, wato kusan santimita 9, kuma ba sa amfani da abin gogewa. Hikimar ƙanƙantar takardar ita ce a iya gama ta a zama ɗaya. Takardar A4 tana ba da irin waɗannan katunan guda 6 in an yanka ta, har a sami ɗan ragowa na gwajin biro. Kayan da kamfanin nasu ke sayarwa ban ga dalilin nemansu ba, girman da dokar hana gogewa kawai na ɗauka.

Kowane kati zai ɗauki salo ɗaya. A fuskarsa za a ga zanen a kammale, a bayansa kuma matakan yinsa uku ko huɗu, da wurin da aka gan shi.

Lahadi, 12 ga Janairu

Tambayar da ta fi cin lokaci a wannan makon ita ce yadda za a raba katunan gida-gida. Hanyar da ke fara zuwa rai ita ce a raba su bisa asalinsu, a ce ga na bangon gida, ga na hula, ga na babbar riga, ga na ƙwarya, ga na lalle. Wannan rabon ya dace da gidan tarihi irin Gidan Makama na Kano, inda mai ziyara ke son sanin daga ina abu ya fito. Bai dace da mutumin da ya dawo daga aiki a gajiye ba, domin shi ba ya tambayar kansa ko yau bango yake sha'awa ko hula. Abin da jikinsa ya sani shi ne ko hannunsa na son jan dogon layi a hankali, ko kuwa yana son ɗiga biro kawai ba tare da lissafi ba.

Don haka na raba su bisa motsin hannu. Kewayen da ke tsakiyar faifai, da tambarin da ake ɗinkawa a babbar riga, da murɗaɗɗen zanen da magina ke yi a saman ƙofar zaure, a wajen masana abubuwa uku ne masu tarihi daban-daban, amma a wajen yatsu abu ɗaya ne: a fara daga tsakiya a riƙa zagayawa waje. Duk sun shiga gida ɗaya.

Masu Zentangle suna cewa duk salonsu daga motsi biyar yake fitowa, wato ɗigo, miƙaƙƙen layi, lanƙwasa, layi mai lanƙwasa biyu kamar tafiyar maciji, da da'ira. Na yarda da huɗu a matsayin gidaje, na haɗe lanƙwasa biyun wuri ɗaya, sannan na ƙara biyu da adonmu ba ya cika sai da su. Na farko gidan saƙa, inda layi ke hawa kan wani ya kuma nutse ƙarƙashin na gaba, kamar yadda kaba ke yi a tabarma. Na biyu gidan cikewa, inda aikin duka shi ne baƙanta wasu gurabe a bar wasu fari, irin abin da ake gani a ƙwaryar da aka yi wa ado da wuƙa mai zafi. Gidaje shida ke nan, kowanne da kwalin da ya ɗan fi katunan tsawo a matsayin shamaki.

Juma'a, 24 ga Janairu

Hunturu ya busar da alƙalamin zanen da nake ji da shi, don haka na koma biro gaba ɗaya, kuma ya fi dacewa da manufar, tunda babu gidan da ba a samunsa. Biro yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: in an sassauta hannu yana ba da layi mai haske, in an danna yana ba da mai duhu, ke nan ana iya yin inuwa ba tare da fensir ba.

Na kuma kafa doka game da waya. An yarda a ɗauki hoton ado da rana in an gamu da shi a hanya, amma salo ba ya shiga gwangwani sai an kwafe shi da hannu, an kuma goge hoton. Hoton da ya zauna a waya ƙofa ce ta komawa wayar da daddare. Gidan layi ya sami ƙari mai kyau daga rufin wani tsohon soro a cikin birnin Zariya, inda aka jera azara rukuni-rukuni, kowane rukuni ya fuskanci wani ɓangare dabam. A kan kati, wannan ya zama raba fili zuwa gurabe, a cika kowane gurbi da layuka masu bin juna, a juya alƙibla in an shiga na kusa.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Gidan saƙa ne ya riƙe ni tun ƙarshen wancan watan, musamman dagi. Kowa ya san siffarsa, ana ganinsa a bango da riga da jakar fata, ya kuma zama tambarin Arewa tun zamanin Sardauna, amma kaɗan ne za su iya zana shi da ka ba tare da layukan sun rikice ba. In aka ce wa mutum ya kalla ya kwafa, ba hutu aka ba shi ba, jarrabawa aka ba shi. Sai da na samo hanyar da hannu zai bi ba tare da ido ya yi ta kai da komowa ba, kuma hanyar ta ɗigo ce.

Ga yadda na rubuta ta a bayan katin. A ɗiga ɗigo huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, da tazarar kamar santimita 2 a tsakaninsu. A tsakiyar kowane ɗigo biyu da ke maƙwabtaka, a sa ƙaramar alamar giciye da fensir, za a sami huɗu. Waɗannan su ne mahaɗa. Sai a ɗora biro a kan mahaɗa ɗaya a tafi a karkace zuwa ta gaba, in an fita gefen fili a lanƙwaso a zagaye ɗigon da ke wurin a dawo ciki, a ci gaba har layin ya koma inda ya faro. Za a ga ya rufe alhali ɗigo biyu kawai ya zagaye, sai a sake farawa daga gefen da ya rage. Abin da zai fito zobba biyu ne dogaye da suka sarƙe da juna, wato ƙashin bayan dagi. Saura a faɗaɗa layin ya zama ɗan ɗamara, a kowace mahaɗa a yanke wanda zai hau da wanda zai nutse, bisa ƙa'ida ɗaya: wanda ya hau a nan zai nutse a ta gaba. Wannan ƙa'idar ba ta taɓa cin karo da kanta, komai girman filin.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne abin da ke faruwa in an ƙara ɗigo. Jeri uku na ɗigo huɗu-huɗu yana da mahaɗa 17, kuma layi ɗaya tal ne ke ratsa su duka ya zagaye kowane ɗigo kafin ya koma gida, ba tare da an ɗaga biro ba. Jeri uku na uku-uku kuwa sai an yi zobba uku. Huɗu da shida, zobba biyu. Ƙa'idar ita ce yawan zobban daidai yake da babbar lambar da ke raba yawan jerin da yawan ɗigon kowane jeri ba tare da ragowa ba. Uku da huɗu, ko uku da biyar, babu mai raba su sai ɗaya, shi ya sa layinsu ɗaya ne. In kuma aka sami zobba biyu ana son haɗe su, sai a zaɓi mahaɗar da suka gitta juna a gina mata 'yar katanga da fensir, layin da ya iso wurin ya juya maimakon ya ratsa, sai biyun su zama ɗaya.

Wannan dabarar ba tamu kaɗai ba ce. Mutanen Cokwe na gabashin Angola suna yin irinta a kan rairayi da yatsa yayin da suke ba da labari, suna kiranta sona, kuma UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun gado na duniya a shekarar 2023. Matan Tamil a kudancin Indiya ma suna yin kolam da garin shinkafa a ƙofar gida da sassafe, a kan ɗigo suke kewaya layinsu. Na buɗe wa kowannensu kati a gidan saƙa, na rubuta asalinsa a baya. A ganina katin uku da huɗu shi ne mafi daraja a gwangwanin zuwa yanzu, domin da zarar an ɗora biro babu sauran shawara, layin ne da kansa ke faɗin inda za a bi.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Na kai katunan gidan layi wajen wani dattijo mai ɗinkin hannu a unguwarmu domin ya duba yadda na kwafi aska takwas, adon babbar riga. Ya juya katin sama da ƙasa, ya ce, "Malam, askarka ta yi ƙiba, tamu siririya ce, kuma ba tsawonsu ɗaya ba." Na ce, "Baba, a nuna mini." Ya karɓi biron ya ja dogayen tsinaye masu saukowa, kowanne ya ɗan fi na kusa da shi tsawo, ba tare da rula ba, ba kuma tare da ya tsaya ba. Ya tuna mini cewa a babbar riga zane ne ke riga allura, mai zane ya fara fitar da adon a kan yadi da alƙalami da tawada, sannan mai ɗinki ya bi sawu. Ke nan abin da nake yi a kati shi ne matakin farko na sana'arsu, ba wani sabon abu ba.

Daga wajensa na samo salo biyu. Ɗaya na ƙananan zagayayyun ramuka da ake jerawa kusa da kusa har su cika fili, wanda a takarda ya zama 'yan da'irori masu taɓa juna, a baƙanta tsakaninsu. Ɗayan kuma na murabba'ai biyar da ake kira gidan biyar. Na farkon ya tafi gidan da'ira, na biyun gidan layi.

A nan ne kuma na yanke wata shawara da na daɗe ina juyawa. Zayyanar da ake yi a gefen rubutaccen Alƙur'ani domin nuna hizifi da sumuni, da ta allon sauka, tana cikin mafi kyawun adon da hannun Bahaushe ya fitar, kuma cike take da da'irori da saƙa. Zan ɗauki tsarin layukanta kawai. Duk abin da ke ɗauke da rubutu, da kuma hatimi, ba za su shiga gwangwani ba, domin katunan nan suna faɗuwa ƙasa, yara suna wasa da su, wasu ma a shara za su ƙare.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi ya sauya lokacin zane, ya koma bayan tarawihi, lokacin da ido ya riga ya yi nauyi. Wannan ya fito da wani abu da rabon gidaje shida bai kama ba: katuna biyu na iya zama gida ɗaya amma ɗaya ya nemi hankali duka, ɗayan kuma hannu ya yi shi shi kaɗai. Dagi mai ɗigo da yawa da saƙar tabarma duk 'yan gidan saƙa ne, amma ba za a iya na farkon ana hira ba, na biyun kuwa ana iyawa. Don haka na ƙara alama a kusurwar kowane kati. Ɗigo ɗaya na nufin ana iya yinsa ana sauraron rediyo ko hirar iyali, ɗigo biyu na son ɗan natsuwa, ɗigo uku kuma sai an yi shiru.

Akwai wani bincike da ake yawan ambata a wannan fagen, wanda Jackie Andrade ta Jami'ar Plymouth a Ingila ta wallafa a shekarar 2009. An sa mutum 40 su saurari wani saƙon waya mai gundura, rabinsu suna baƙanta 'yan siffofi a takarda yayin sauraron, rabi kuma ba sa yi. Da aka tambaye su daga baya ba zato, masu baƙantawar sun tuna sunaye da wurare fiye da sauran da kashi 29 cikin ɗari. Ana yawan ɗora wa binciken nan kayan da ya fi ƙarfinsa, har a ce ya tabbatar da cewa zane magani ne. Mutum 40 ba su da yawa, kuma abin da aka auna tunawa ce, ba kwanciyar hankali ba. Amma abu ɗaya a cikinsa ya yi mini amfani: aikin da aka ba mutanen cikewa ce kawai, ba ƙirƙira ba. Wannan ya yi daidai da abin da na gani a gwangwanina, inda kusan duk katunan gidan cikewa suka sami ɗigo ɗaya. Saboda haka na shirya wasu katuna da rana, na zana musu gurabe da fensir na bar su babu cikewa, na ajiye su a gaban gwangwanin domin daren da ko jan layi ya yi nauyi.

Asabar, 5 ga Afrilu

Hidimar Sallah ta kawo wa gidan lanƙwasa abin da ya daɗe yana jira. Ƙanwata mai ƙunshi ce, kuma a kwanakin jajibiri na zauna kusa ina kallon yadda take fitar da fure a bayan hannu. Ba ta fara da furen gaba ɗaya. Ɗigo take fara sawa, ta kewaye shi da 'yan bakuna ƙanana, ta kewaye waɗannan da wasu da suka fi su girma, kowane sabon baka ya tsaya a kan mahaɗar biyu na ƙasa. Da na nuna mata katin da na kwafa, sai ta ce, "Yaya, kai kana zana ganye ɗaya-ɗaya ne, ni kuwa zagaye nake yi." Gyaran nata ya shiga bayan katin kamar yadda ta faɗe shi. Ta kuma nuna mini yadda ake yanka salatif a manna a ƙafa kafin a shafa jan lalle, inda adon ke fitowa daga wurin da lallen bai taɓa ba. Wannan na gidan cikewa ne: a zana siffa, a bar ta fari, a baƙanta kewayenta.

Da baƙi suka cika gida, na miƙa gwangwanin ga duk mai so, ban yi wa kowa bayani ba, domin a ga ko katunan za su iya magana da kansu. Waɗanda matakansu zane ne zalla sun yi aiki, har ga yaran da ba su iya karatu sosai ba. Waɗanda na cika da rubutu an juya su an mayar. Katin dagi mai ɗigo huɗu ya tsayar da kusan kowa a wuri ɗaya, wato inda layi ke fita gefe ya zagayo ɗigo, don haka ya sami sabon mataki da ke nuna wannan lanƙwasar ita kaɗai da jan biro. Wani abin da na lura da shi shi ne babu wanda ya bi gidajen bi da bi. Manya sun fi duba ɗigon kusurwa, yara kuma sun rufe ido sun zaro.

Asabar, 19 ga Afrilu

Wannan makon na tankaɗe ne. Duk katuna biyun da hannu ke yi musu motsi ɗaya na haɗe su, na jera wuraren da aka gan su a baya, shi ya sa katin kewaye yanzu yake ɗauke da faifai da tambarin riga da bangon zaure gaba ɗaya. Gwangwanin ya rage nauyi, kuma hakan ya fi, domin yawan zaɓi shi ne ainihin abin da aka gudo daga waya saboda shi. Na kuma cire wasu siffofi da na kwaso daga bangayen Zariya na ƙarni na 20, irin su keke da agogo da jirgin sama da magina suka riƙa sakawa cikin adonsu. Suna da ban sha'awa, amma hotuna ne, ba salo mai maimaituwa ba, kuma mai zana keke yana damuwa da ko ya yi kama da keke.

Gidan ɗigo ne har yanzu ya fi kowanne rama. Ina sa ran cike shi daga adon hula, amma yawancin salon hula a kan gidaje ƙanana yake tafiya, don haka sai na yanka wasu katunan daga littafin lissafi mai gida-gida na manna su a kwali. Na yi magana da wata maƙwabciya mai ɗinkin hula ta bakin uwargida, ta ce a kawo katunan ranar Laraba bayan la'asar.